Fatsar ƙuda a kogin Yamai: kayan da za ka saya in kana son farawa, da waɗanda za ka bari ma masu su

Tun ranar da wasu samari suka gan ni bakin ruwa wajen Gudel ina kaɗa wani zare mai kauri gaba da baya cikin iska, ba dalma ba tana, tambayoyi ba su ƙare ba. Wannan wace irin fatsa ce, ina ake samun kayan, nawa ne, kuma wai da gaske kifi na cin gashin kaza? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani sau ɗaya, don wallahi ba na so wani ya zubar da kuɗinshi yadda na zubar da nawa da farko.

Faransawa na ce mata fatsar mush, wato ƙuda, ni ma fatsar ƙuda nake ce mata. Bambancinta da fatsar da muka tashi muka gani shi ne wajen nauyi. A tamu ta gida dalma ko koto ne ke da nauyi, kai ka jefa shi kuma ya ja zaren ya tafi da shi. A fatsar ƙuda abin da ke bakin ƙugiya ba ya da nauyin komi, ɗan gashi ne da zare aka ɗaura ya yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, in ka jefa shi da hannu ko metir biyu ba ya yi. To zaren ne aka yi ma nauyi, shi ke tafiya kamar bulala ya ɗauki ƙudan ya kai shi. Ka riƙe wannan maganar da kyau don duk sayayyar da za mu yi a kanta take. Kuma abin ba sabo ba ne, wani marubucin Rum mai suna Aelian wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi da shi. Yanzu haka kuma mutane na biyan kuɗi masu yawa su zo kogin Faro a arewacin Kamaru su yi wannan fatsar don giwan ruwa da tsage, Faro kuwa cikin Binuwai yake zuba, Binuwai ta zuba a Kwara, wato kogin nan namu, ke nan kifayen da suke yi ma wannan doguwar tafiya dangin waɗanda ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy ne.

Mataki na farko: fara da kifin, kar ka fara da butik

Kusan duk bidiyon da za ka gani a YouTube kan wannan fatsar maganar wani kifi suke yi da ake ce ma turut, kifin ruwan sanyi ne mai gudana cikin duwatsu a Faransa da Ingila da Amurka, ruwa garau kana ganin tsakuwar ƙasa. Mu ba mu da shi kuma ruwanmu ba haka yake ba. In ka bi shawararsu ido rufe za ka sayi kayan wani kifi na wata ƙasa.

Mu abin da ke gabanmu: akwai kawara da shemani masu cin ƙwari a saman ruwa, su ne malaman mai koyo don suna da yawa kuma suna kai hari da sauri. Akwai karfasa a gefen ciyawar burgu da magudanan ruwan shinkafa irin na Saga da Kirkisoye. Akwai tsage, wanda ni don shi na shiga wannan harkar, haƙoranshi kamar ƙusa, in ya ɗauki ƙuda sai ka ji kamar an fizge ma hannu sannan ya yi tsalle sama. Sai babban yaya giwan ruwa, kapiten, wanda a wasu ruwaye yakan wuce kilo 100, amma shi ba na shekarar farko ba ne. Tarwaɗa da kurungu kuwa gaskiya da ƙamshi suke neman abinci a ƙasan ruwa, wani lokaci tarwaɗa takan ɗauki baƙin ƙuda in an ja shi a hankali amma mai tana zai fi ka kamu nesa ba kusa ba. Kuma in faɗa tun yanzu, wanda ke neman kifin miyar gida kullum ko na sayarwa, birgi da taru da mamari sun fi mishi. Wannan fatsar ta mai son zaman bakin ruwa ce da son sanin halin kifi.

Sai lokacin ruwa. Kogin nan sau biyu yake cika a Yamai, akwai jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba mai laka wanda ko hannunka ka sa ba ka ganinshi, akwai kuma cikar da ke zuwa daga Gine wajen Disamba da Janairu, daga nan ruwa ya riƙa ja da baya har Mayu da Yuni. Kifi da ido yake ganin ƙuda, ke nan lokacinmu shi ne daga sanyi zuwa bazara sa'ad da ruwa ya fi washewa. To ka lura da abin da wannan ke nufi, rabin lokacin fatsarka cikin iskar hunturu za ka yi shi, sauran rabin cikin zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Iska da zafi, su biyun nan su za su zaɓa maka kaya.

Mataki na biyu: zaɓi lamba guda

Sanda da zare da muline, wato abin naɗe zare, duk lamba gare su kuma dole su dace da juna. Lambar daga nauyin zare ta fito, tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka daidaita cewa a auna ƙafa 30 na farkon zaren, wato metir 9 da ɗan wani abu. Lamba 5 wajen giram 9 ne, lamba 6 giram 10 da ɗoriya, lamba 8 giram 13 da rabi, lamba 10 giram 18. Zare mai nauyi shi ke iya ɗaukar babban ƙuda ya huda iska da shi.

Turawa za su ce ma mai koyo ya fara da lamba 5, kuma don turut daidai ne. Mu nan ni lamba 8 nake ba mutane shawara, in ba a samu ba 7. Da 8 kana iya jefa ƙudan tsage mai ɗan nauyi da ƴar wayar ƙarfe ta kare zare daga haƙoranshi a gaba ko da iska na kaɗawa, kana iya kama kawara da karfasa duk da ba za ka ji daɗin faɗansu sosai ba, in kuma Allah ya kawo ɗan matashin giwan ruwa mai kilo uku huɗu sandar ba za ta ba ka kunya ba. Wanda ya san shi ƙananan kifi kaɗai zai bi a magudanai ko tabki, misali ƴan uwanmu na Tawa masu zuwa Tabalak neman karfasa a gefen ciyawa, lamba 6 ta ishe shi kuma ta fi sauƙi a hannu. Lamba 10 zuwa 12 na manyan giwan ruwa ne, bar su tukuna, mai koyo in ya wuni da su kafaɗa ce za ta faɗa mishi.

Mataki na uku: zaren jifa, nan ne za ka sa kuɗinka

Na sa zare gaban sanda da gangan. Kayana na farko wani ɗan uwa ya riƙo mini daga Faransa, seti ne cikakke lamba 5, na yi murna ƙwarai. Cikin Janairu da safe yana aiki lafiya lau, da Afrilu ta shigo sai zaren ya saki ya yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa, yana manne ma zobban sanda, yana cukuikuyewa a ƙafata, in na jefa metir goma ma da ƙyar. Wata biyu ina zaton hannuna ne bai iya ba har na fara tunanin barin abin gaba ɗaya, ashe zaren na ruwan sanyi ne. Ranar da na sa zaren ƙasashen zafi a sandar nan dai ita ɗin, jifa ta canza gaba ɗaya.

Dalilin shi ne zaren jifa, wanda Faransawa ke ce ma suwa don da can da siliki ake yinshi, yanzu roba ce aka lulluɓe wata igiya da ita. Na ƙasar sanyi an yi robar da laushi don kar ta sandare cikin ƙanƙara, na ƙasar zafi kuwa an yi cikinshi da bayanshi da tauri don ya tsaya da ƙarfinshi cikin rana. To a kwalin ka nemi inda aka nuna na ruwan zafi ne, sau da yawa za ka ga kalmar tropikal ko hoton kifin teku. Kamfanoni irin su Rio, Scientific Anglers, Airflo da Cortland duk suna yin irin wannan. Abu ɗaya, da sanyin safiyar Disamba shi ma yakan naɗe kamar waya, maganinshi ka warware shi ka ja shi da hannu biyu gaɓa gaɓa kafin ka fara, minti biyu ya miƙe.

Sai rubutun da ke jikin kwali, za ka ga kamar WF8F. WF na nufin nauyin zaren a gaba aka tara shi, wannan shi ne naka don ya fi sauƙin jifa da huda iska. Akwai DT mai siranta a baki biyu, bar shi. 8 ita ce lambar. F ta ƙarshe na nufin yana yawo a saman ruwa, I na nutsewa a hankali, S na nutsewa da sauri. Fara da F, kana ganin zarenka, kana iya ɗaga shi daga ruwa ba wahala, kuma ba ya shiga cikin duwatsu da tsofaffin tarun da ke kwance a ƙasa. In ka shekara kana yi kana son bin tsage a wuri mai zurfi sai ka ƙara mai nutsewa. Tsawon zaren duka metir 27 zuwa 30 ne, launi kuwa ɗauki wanda idonka ke gani da kyau, ruwan ɗorawa ko kore mai haske, kifin ba shi zai gani ba don akwai siririn nailon tsakaninsu.

In kuɗinka kaɗan ne ka rage a sanda ka rage a muline amma dan Allah kar ka rage a nan. Sanda mai araha da zare mai kyau na jifa, sanda mai tsada da zaren da ya narke ba ta jifa.

Mataki na huɗu: sanda

Tsawo ƙafa 9, wato metir 2.74, mai gaɓa huɗu. A jikinta kusa da mariƙi za ka ga an rubuta 9' #8 ko 908. Gaɓa huɗun na da muhimmanci gare mu don kowace gaɓa wajen santimetir 70 ce, tana shiga jakar matafiyi in wani zai riƙo maka, kuma kana iya rataya kwanonta, wato bututun da ake aje ta ciki, a baya ka hau moto. Mai gaɓa biyu wahala ce.

Yawanci da karbon ake yinsu yanzu, ba nauyi. Wajen lanƙwasa akwai mai tauri da bakinta kaɗai ke lanƙwasa, akwai mai laushi har gindi, ka ɗauki ta tsakiya mai ɗan karkata wajen tauri, don mai koyo na buƙatar ya ji sanda na ɗaukar nauyin zare a bayanshi kafin ya tura gaba, mai tauri sosai ba ta ba ka wannan jin. Sandar lamba 8 takan zo da ɗan dunƙule a gindi da kake tokarawa a ciki in kifi ya yi ƙarfi, ka duba akwai shi. In kayan sun iso ka bi zobban ɗaya bayan ɗaya da ɗan auduga, inda audugar ta maƙale akwai kaifi kuma zai ci maka zare.

Ba kifi ke karya sandunan nan ba galibi, ƙofar mota ce da fankar sama da yara da kuma ƙuda mai nauyi in ya bugi sandar wajen jifa. Kar ka haɗa ta cikin ɗaki. Ka ɗan goga kyandir a mahaɗan gaɓoɓin don kar su kwance ko su maƙale. Kuma karbon na ɗaukar lantarki, ka duba sama kafin ka ɗaga ta kusa da wayoyin wuta, in hadari ya taso ana walƙiya ka kwantar da ita ka bar wurin.

Mataki na biyar: muline da zaren ajiya

Nan ba dogon zance. Ka nemi mai rubutun 7/8 ko 7/9, mai faɗin ciki don ya riƙa naɗe zare da sauri, mai birki na faifai da ke sakin zare sumul ba fizga. In ka samu wanda birkinshi rufaffe ne ya fi, sabo da ƙurar hunturu da rairayin bakin kogi. Yawancinsu ana iya juya su hannun hagu ko dama.

Ƙarƙashin zaren jifa ana naɗa zaren ajiya na dakron, metir 100 zuwa 150 mai ƙarfin kilo 9 ko 13, don ranar da babban kifi zai ja metir talatin ɗinka duka ya ci gaba. Kar ka sa nailon a madadinshi, yana miƙewa ya matse har ya lalata muline.

Mataki na shida: bakin zare da waya

Tsakanin zaren jifa da ƙuda akwai nailon da kifi ba ya gani sosai. Na kanti yakan zo ƙafa 9, mai kauri a sama yana sirancewa zuwa ƙasa don ƙarfin jifa ya gangara har ƙudan ya miƙe. Sayi biyu ko uku ka ga yadda suke, daga nan ka riƙa haɗa naka da nailon ɗin da masunta ke saye a kasuwa, wanda ake aunawa da kashi ɗari na milimetir. Don tsage ni haka nake yi, metir ɗaya na 50, rabin metir na 40, rabin metir na 33 ko 35, shi ke nan. Don kawara da karfasa sai in ƙara 28 sannan in ƙare da metir ɗaya na 20 ko 18. In ka ga 0X ko 3X a kwali kar ya ruɗe ka, 0X shi ne 28, 3X shi ne 20, lamba na hawa zare na sirancewa.

Nailon ɗin kasuwa ka gwada shi kafin ka biya, wanda ya daɗe cikin rana a rumfa ya mutu, ɗaura ƙulli ka ja, in ya tsinke da sauƙi bar shi.

Tsage kuwa sai da waya. Na farkon da ya ɗauki ƙudana ko jin nauyinshi ban yi ba, zaren kawai ya dawo fayau kamar an sa reza. Santimetir 10 zuwa 15 na siririyar wayar fatsa mai ƙarfin kilo 10 zuwa 14 ta isa, akwai mai laushi da ake ƙullawa kamar zare, ita ta fi ma mai koyo sauƙi. Kar ka sa waya in kawara kake nema, tana nutsar da ƙaramin ƙuda.

Mataki na bakwai: ƙudajen kansu

Nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi, su sayi kwali mai ƙudaje ɗari masu kyan gani, tamanin daga ciki an yi su don ƙwarin kogunan Turai. Iri huɗu ne dai a taƙaice, mai yawo a sama kamar ƙwaron da ya faɗo, mai nutsewa kamar tsutsar ruwa, mai kama da ɗan kifi da ake ja, da mai kan soso da ke yin ɓul ɓul a sama in ka fizge shi.

Guda goma sha biyar sun ishe ka farawa. Na ɗan kifi su za su fi yawa, ka nemi Clouser Minnow, wanda wani Ba'amurke Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987, yana da idanun ƙarfe da ke sa shi nutso da kai kuma bakin ƙugiyar na kallon sama don haka ba ya yawan maƙalewa. Fari da kore, fari da shuɗi, sai baƙi da ja na ranar da ruwa ya gurɓace, don cikin ruwa mai duhu baƙin abu kifi ya fi gani. Sai Woolly Bugger baƙi da ruwan ƙasa, shi kusan kowane kifi na ɗaukarshi. Sai ƴan ƙanana masu kama da fara ko tururuwa ko shinge don kawara, duk wanda ya ga yadda ruwa ke tafasa da kifi ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko ya san abin da nake nufi.

Lambar ƙugiya a juye take, 14 ƙarama ce, 10 ta fi ta, 2 babba, daga 1 kuma sai a koma 1/0, 2/0 ana ƙara girma. Kawara da karfasa 10 zuwa 14, tsage 2 zuwa 2/0. Ƙugiyar tsage ta zama mai ƙarfi mai kaifi ƙwarai don bakinshi ƙashi ne, ka riƙe ɗan dutsen wasawa a aljihu, gwajin shi ne ka ja bakinta a farce, in ta kama ta yi in ta zame a wasa.

Amma abin da na fi so in gaya maka shi ne tsage na yayyaga ƙuda, kifi biyu uku ya gama da shi, ke nan wanda zai dogara da komande daga waje ba zai daɗe ba. Koyi ɗaurawa. Kayan duk suna nan garin nan. Gashin wuyan zakara da gashin zabo wajen masu fige kaji, kyauta ma za su ba ka, kuma gashin zabo ɗin nan Turawa saye suke yi cikin leda. Dogon gashin akuya wajen mahauta ko majema, a wanke da sabulu a shanya. Mesh ɗin kitso na mata na kowane launi, shi ne jikin ɗan kifi mafi ƙarko da na samu. Tsohon silifa ka yanka ka yi kan mai ɓul ɓul. Sarƙar ƙananan dunƙulallun ƙarfe irin ta jan labule ko maƙunnin fitila, ka yanke biyu biyu sun zama idanu, zagaya kasuwar Katako ka duba wajen masu tsofaffin kaya. Zaren tela mai ƙarfi, kol mai kamawa nan take, da man farce marar launi don rufe ƙulli. Ko abin riƙe ƙugiya ba dole ka saya ba da farko, filaya mai kullewa da ka ɗaure a tebur na yi. Wani dattijo Basarke da nake shiga jirginshi ya daɗe yana juya ɗaya da na ɗaura da mesh, sannan ya ce ɗana rage mishi gashi, ƴaƴan kifin da tsage ke kora a nan sirara ne. Na rage, kuma tun daga nan kamuna ya ƙaru. Na ce Baba ashe kai ne malamin, ya ce shi dai ruwan ya sani.

Mataki na takwas: abin da zai kare jikinka

Tabarau dole ne, ba don gayu ba, ƙugiya ce ke wucewa kusa da fuskarka da gudu kuma iska na iya karkato ta. Sayi mai kashe ƙyallin ruwa, polarize ake ce mishi, yana sa ka ga cikin ruwa. Na jabu sun yi yawa, gwajin shi ne ka kalli allon waya ko kwamfuta ta cikinshi kana juya shi a hankali, na gaske zai yi duhu ko launin ya canza a wani gefen. Sai malafa ko hula mai baki da riga mai dogon hannu. Filaya mai dogon baki don cire ƙugiya, kar ka kuskura ka sa yatsa bakin tsage, giwan ruwa kuma marfin kunnenshi na yanka, kurungu na da ƙaya. Da filayar nan ka danne ɗan haƙorin bayan ƙugiya tun kana koyo, in ta shiga fatarka ko ta wani za ta fita ba sai an je likita ba. Abin yanke farce na yanke zare. Ɗan salatif a yatsan da zare ke bi.

Dogon wandon roba har ƙirji da kake gani a bidiyo bar shi, cikin zafinmu azaba ne kuma in ka faɗa ruwa mai zurfi da shi hatsari ne. Amma kuma kar ka ce za ka riƙa tsayawa cikin ruwa da gajeren wando, tsargiya gaskiya ce a kwarin kogin nan, tsutsarta daga dodon koɗi take fitowa ta huda fata, musamman a ruwa mai kwanciya da ciyawa. Yi fatsarka daga gaɓa ko kan dutse ko cikin jirgi, in dole ka taka ruwa sa takalmin roba dogo irin na manoman shinkafa. In ka ga jini a fitsari je likita, akwai maganinta. Cikin jirgi sa rigar ceto, kuma ka tambayi masunta inda dorina take kafin ka zaɓi wuri, suna nan har kusa da gari kuma mai ɗa ba ta wasa.

Wani abu da ba ya cin kuɗi, zaren da ka jawo yana zuba a ƙasa ya kama ciyawa da kainuwa da ƙaya. Samu ƙaramar robar wanki ka huda ta ka sa mata bel ka ɗaura a ƙugu, zaren ya riƙa zuba ciki.

Maganar kuɗi da inda za a samu

Ƙugiya da nailon da filaya da roba duk nan za ka saya. Sanda da muline da zaren jifa da waya su ne sai an riƙo maka ko ka yi komande ta intanet. Setin masu farawa na kirki a Turai yakan kama yuro 100 zuwa 200, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, ka ga wajen jikka 65 zuwa 130 ke nan ban da kuɗin kawowa da na duwan. Akwai na Caperlan da JMC a Faransa, akwai Redington da Echo da Orvis na Amurka, akwai masu araha na Sin irin Maxcatch. In seti za ka saya ka sa a ranka cewa zaren da ke ciki mai yiwuwa na ruwan sanyi ne, ka ware kuɗin na zafi daban. Wanda zai sayo maka kuma rubuta mishi lambobin daidai ka tura mishi hoto a WhatsApp, in ka ce mishi kayan fatsa kawai mai butik zai ba shi na turut.

Kafin ka fara ka leƙa wajen ma'aikatan ruwa da gandun daji ka tambayi takardar izinin fatsa, kuma duk gaɓar da ka je ka gaida masuntan wurin da sarkin ruwansu, ka tambayi inda suka shimfiɗa taru don kar ƙugiyarka ta yaga musu abin neman abinci. Da halin tsaron da ake ciki kuma ka tsaya wuraren da ke cikin gari da kewayenshi, kar son tsage ya kai ka inda mutanen wurin da kansu suka bar zuwa.

Haɗawa da gwajin farko

Zaren ajiya a muline, zaren jifa a kanshi, kuma ka kula da wannan, bakin da aka liƙa ma ƴar takarda shi ke zuwa wajen muline, mai kaurin shi ke gaba, in ka juya shi ba zai jefu ba. Yawancin zaren yanzu na da ɗan zobe a baki, sai ka yi ma nailon ɗinka zobe ka sarƙa su. Ƙulli huɗu za ka koya, na zobe, na haɗa nailon biyu, Albright na haɗa nailon da waya, da na ɗaura ƙugiya, kuma kowanne ka jiƙa shi da miyau kafin ka ja don zafin gogayya na raunana nailon.

Sati biyun farko kar ka sa ƙugiya, ɗaura ɗan ulu ka je inda ke da ciyawa ko kan ruwa, ban da kan tsakuwa da kwalta don suna kankare bayan zare. Fitar da metir takwas zuwa goma kaɗai, ɗaga sanda da sauri ka tsayar da ita cak daidai kunnenka, jira zaren ya miƙe a baya, sannan ka turo gaba ka sake tsayarwa. In ka ji ƙara kamar ta bulala ka yi gaggawa, ƙara jira kaɗan. Metir 12 mai tsabta ya isa kama kifi a kogin nan. Ranar da tsage ya ɗauka kuma kar ka ɗaga sanda, ja zaren da hannun hagu da ƙarfi sau ɗaya ko biyu sanda na kallon ruwa, sai ƙugiya ta zauna sannan ka ɗaga.

In ka dawo gida ka bi zaren da tsumma mai ɗan ruwan sabulu ka cire laka, ka bar sanda ta bushe kafin ka mayar da ita kwano, ka sassauta birkin muline. Maganin sauro na shafawa na cin robar zare, wanke tafin hannunka bayan ka shafa. Kuma kar ka bar kayan cikin mota a rufe da rana, ka shigo da su ɗaki ka aje inda inuwa take.